Zuwa bakin tekun Kambodiya da ɗan guzuri: Sihanoukville har yanzu akwai arha?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kuala Lumpur, fasfon Najeriya nake riƙe da shi. Ina da hutun mako biyu a watan Disamba, kuma abin da zai rage mini bayan tikitin jirgi bai wuce dala 400 ba. Na karanta cewa a Sihanoukville ta Kambodiya ana kwana a bukka a bakin ruwa da dala biyar. Gaskiya ne? Kuɗin nan zai kai ni ya dawo da ni? Kuma Musulmi zai samu abin da zai ci?

Amsa: Ƙanina, abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, tsufa ya yi. Koma ka duba shekarar da aka rubuta shi. In dai kafin 2016 ne, labarin wani gari ake ba ka wanda yau sunansa kawai ya rage. Dala 400 za ta ishe ka mako biyu a gaɓar tekun Kambodiya, har ka ci kaguwa ka yi ninƙaya, amma da sharaɗin kada ka mai da Sihanoukville masauki. Ka ɗauke ta a matsayin tasha. Arhar da kake nema ta yi ƙaura zuwa Kampot da Kep da wasu lunguna na tsibiran da ke gaban garin.

Sihanoukville ba tsohon gari ba ne. Bayan Kambodiya ta samu 'yancin kai daga Faransa a 1953, sai ta ga manyan jiragen ruwa ba su da hanyar shiga da fita ƙasar sai ta kogin Mekong, wanda ke ratsa ƙasar Biyetnam. Shi ya sa aka sare daji aka gina tashar jiragen ruwa a ƙarshen shekarun 1950 da taimakon Faransa, Amurka kuma ta shimfiɗa hanya mai lamba 4 da ta haɗa wurin da Phnom Penh, babban birnin ƙasar. Aka raɗa wa garin sunan Norodom Sihanouk, jagoran ƙasar a wancan lokaci, amma mutanen ƙasar har gobe Kampong Som suke cewa, kuma shi za ka ji yaran mota suna kira. Bayan yaƙe-yaƙe sun lafa, 'yan yawon duniya masu jakar goyo suka gano farin yashin Ochheuteal da Serendipity da Otres. Mutanen gari suka kafa bukkoki na gora da ciyawa, mata suna zagayawa da murhun gawayi a kafaɗa suna gasa abin teku a tsinke. Rubuce-rubucen da ka ci karo da su na wannan zamanin ne.

Daga wajen 2016 kuɗin masu zuba jari daga ƙasar Sin suka kwararo cikin garin, galibi a harkar gidajen caca da cacar intanet. Cikin shekara uku kuɗin haya ya ninka, masu ƙananan masaukai suka kasa biya suka tattara komatsansu, hukuma kuma ta rusa rumfunan bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya har aka kai ga na Otres. An yi gini da gaggawa ba bisa ƙa'ida ba. A watan Yunin 2019 wani bene da ake kan ginawa ya rufta ya kashe mutum 28, ma'aikata da iyalansu da ke kwana a ciki. A watan Agusta na wannan shekarar Firaministan lokacin, Hun Sen, ya haramta cacar intanet, dubban 'yan Sin suka fice, sannan korona ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Yau idan ka shiga garin za ka ga tituna masu faɗi da fitilu, amma ta ko'ina kangwayen benaye ne tsaye, an ɗaga ginshiƙai an bar su, ƙarafan rodi sun yi tsatsa, koren ragar da ake lulluɓe gini da ita ta yayyage tana kaɗawa. Yashin yana nan, ruwan ma yana nan. Sai dai ɗakin da za ka samu da kuɗinka yana bayan gari, nesa da ruwa, kuma abincin gefen gidajen caca ba don aljihun ɗalibi aka dafa shi ba.

Akwai wani dalili na biyu na ƙin kwana a garin, kuma ya fi na farko nauyi. Wasu daga cikin gine-ginen nan masu doguwar katanga da waya mai ƙaya a sama sun koma sansanonin damfara ta intanet. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahoton da ya fitar a watan Agustan 2023, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum dubu ɗari ne ake tilasta wa irin wannan aiki a Kambodiya. Da tallar aikin yi ake jawo su: ana neman mai jin Turanci, aikin kwamfuta ne, albashi da dala, gida da abinci kyauta. Da mutum ya shiga sai a karɓe fasfonsa. Kai matashi ne ɗan Afirka mai Turanci a baki kuma mai ƙaramin guzuri, wato irin wanda suke farauta. Duk wanda ya tare ka a masauki ko a Telegram ko Facebook da maganar aiki a Sihanoukville, ko da ɗan ƙasarku ne, ka yi masa godiya ka wuce. Ba wai za a cafke ka a titi ba, baƙo mai wucewa ba safai abin ke shafarsa ba. Da ƙafarsu yawanci ake shigar da mutane.

Kafin ka sayi tikiti, fara da biza. Bizar yawon buɗe ido ta Kambodiya ta kwana 30 ce, kuɗinta dala 30, kuma yawancin baƙi a filin jirgi ko ta intanet suke karɓa. Amma Najeriya na cikin 'yan ƙasashen da Kambodiya ta daɗe tana gindaya wa ƙarin sharuɗɗa, don haka kada ka yi koyi da abokin karatunka ɗan Indonesiya da zai ɗauki jaka kawai ya tafi. Ka je ofishin jakadancin Kambodiya da ke Kuala Lumpur da ƙafarka, ka tambaya, ka samu bizar a cikin fasfo tun kafin tafiya. Ka riƙe tikitin dawowa, da shaidar masaukin daren farko, da katin rigakafin cutar shawara, da takardar makaranta. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida, izinin zamanka na Malesiya kuma ya wuce ranar dawowarka, don kada a hana ka komawa karatu. Akwai kuma takardar shiga ƙasa da ake cikewa ta waya cikin mako guda kafin isowa, kyauta ce. Ta jirgi za ka shiga. Kan iyakar Kambodiya da Tailan ta ƙasa an rufe ta a tsakiyar 2025 saboda rikicin ƙasashen biyu, kada ka gina shirinka a kanta.

Daga Kuala Lumpur zuwa Phnom Penh bai cika awa biyu ba, kuma tun watan Satumban 2025 a sabon filin jirgi na Techo ake sauka, kudu da birnin. Daga nan ka nufi Kampot, kimanin kilomita 150, awa uku zuwa huɗu a bas ko ƙaramar mota, kuɗin bai cika wuce dala 10 ba. Akwai jirgin ƙasa da aka dawo da shi a 2016, yana bi ta Takeo da Kampot har Sihanoukville. Yana da daɗin kallo, gonakin shinkafa da giginya har iya ganinka, amma ba na mai sauri ba ne.

Zan gaya maka gaskiya, Kampot ba ta da bakin teku na wanka. Garin kogi ne, 'yan kilomitoci daga inda ruwan ke shiga teku, da tsofaffin shagunan zamanin Faransawa da wani shatale-tale mai ƙaton gunkin ɗan itacen duriyan a tsakiya. Amma a nan kuɗinka zai yi auki. Gado a ɗakin haɗaka dala 5 zuwa 8 ne, ɗaki naka kai kaɗai mai fanka dala 10 zuwa 15, hayar babur na yini dala 5 zuwa 7. Da babur ɗin za ka hau dutsen Bokor, inda Faransawa suka gina wurin shan iska a shekarun 1920 da gumin 'yan ƙwadagon da da yawa suka mutu a aikin; akwai sanyi da hazo a sama, ka tafi da riga mai kauri. Za ka ga filayen gishiri, waɗanda a Disamba ake fara gyara su don aikin rani, da gonakin masoro. Masoron Kampot sananne ne a duniya, tun 2010 yana da rajistar da ta hana a kira na wani wuri da sunansa, Tarayyar Turai ma ta amince da ita a 2016. Gonaki da dama suna zagayawa da baƙo ba tare da karɓar ko sisi ba, da fatan zai sayi ɗan ƙulli.

Babban dalilin da ya sa nake tura Musulmi Kampot shi ne mutanen Cham. Musulmi ne, sun daɗe a ƙasar, kuma a wannan yankin da yawansu masunta ne. Ƙauyukansu suna gefen kogi da kan hanyar Kep da ta Sihanoukville, da masallatansu. Idan ka tsallaka gada zuwa tsibirin Trey Koh za ka tarar da su, mata da ɗankwali da hijabi, maza da zane da hula. Mazhabar Shafi'i suke bi kamar mutanen Malesiya, wasunsu ma suna jin Malayanci, saboda haka ɗan abin da ka tsinta a Kuala Lumpur zai yi maka rana. A kasuwar Kampot nemi rumfar da mai ita ta rufe kanta, ka yi sallama. A nan za ka ci naman shanu da kaza hankali kwance, ka kuma tambayi inda ake Juma'a.

A wajen rumfunansu sai ka yi hattara, domin Khmer, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, mutanen naman alade ne. Karin kumallon da ya fi yawa a titi shi ne bai sach chrouk, shinkafa da gasasshen alade, ƙamshinsa zai ja ka tun daga nesa. Taliyar kuy teav kuma, ko da naman shanu aka ɗora a sama, romon sau da yawa da ƙashin alade aka dafa shi. Ka haddace "sach chrouk", shi ne alade, ka sa "ot" a gabansa ka girgiza kai. Kifi "trey" ne. Abin da zai rufa maka asiri da safe shi ne num banh chok, taliyar shinkafa da miyar kifi da ganyaye, ƙasa da dala ɗaya da rabi. Da rana akwai amok, kifi da aka turara da madarar kwakwa a cikin ganyen ayaba. Ruwan rake da ɗanyar kwakwa suna ko'ina. Idan ka ga an rubuta "happy" a jikin sunan fiza ko wani abin sha, tabar wiwi aka zuba a ciki, kuma doka ba ta halatta ta ba duk da a fili ake tallarta.

Kep tana da nisan kilomita 25 daga Kampot, kuma ita ce ainihin garin bakin tekun da zan ce ka kwana. Faransawa suka kafa ta a 1908, a shekarun 1950 da 1960 kuma masu hannu da shuni na Phnom Penh suka cika gangaren dutsen da gidajen hutu. Yaƙi da mulkin 'yan gurguzu na Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 da wawashe-wawashen da suka biyo baya suka mai da su kufai, har yau za ka ga wasu a cikin ciyawa. Wurin wankan ƙarami ne, farin yashinsa ma da mota aka kawo shi. Ba don yashi ake zuwa Kep ba, don kaguwa ne.

Ka je kasuwar kaguwa da safe, kafin motocin Phnom Penh su iso. Kejin gora suna cikin ruwa, ɗaure da igiya a bayan kasuwar. Idan ka nuna kana so, sai mace ta shiga tekun da kayanta, malafa a ka, ruwa har ƙugu, ta jawo keji ta buɗe a gabanka. Kaguwar tana da ƙafafu shuɗaye, tana motsi. Ka ɗaga ɗaya ka ji nauyinta, ka danna cikinta da babban yatsa. In ya lotsa, ruwa ce ba nama. A kilo ake sayarwa, kuma farashin farko ba shi ne na ƙarshe ba, sai dai ciniki a nan da murmushi ake yinsa, ɗaga murya zubar da mutunci ne a wurinsu. Ka tsaya a kan sikeli da idonka. Daga nan a 'yan taku kaɗan akwai masu manyan tukwane da za su dafa maka a kan kuɗi kaɗan, ko su soya da ɗanyen masoro, koren nan da ke jikin zangarniyarsa. Ka sayi shinkafa a leda ka zauna a benci. Abin da za ka kashe bai kai rabin na gidajen abincin da ke jere a gefen kasuwar ba, kuma daga keji ɗaya aka ɗebo. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya ba mu da takura a kan abin da ya fito daga teku, ka dai roƙi kada a zuba giyar girki.

Daga Kep kwale-kwale mai inji yana kai mutane tsibirin Koh Tonsay cikin kimanin rabin awa, kuɗin zuwa da dawowa wajen dala 10. Idan akwai inda ya rage da kamannin abin da ka karanta, to nan ne: bukkoki a ƙarƙashin kwakwa, gidan sauro, bokitin wanka, wutar janareta ta 'yan awoyi da dare. Dala biyar ta zama tarihi, ka sa ran 10 zuwa 20. Kwana ɗaya ko biyu ya isa. Ka guji Asabar da Lahadi, domin mutanen birni suna cika Kep da tabarmi da lasifika.

Farin yashi da ruwa garai-garai irin na hoto kuwa sai tsibiran Koh Rong da Koh Rong Samloem, kuma hanyar da aka saba bi zuwa can ta Sihanoukville ce. Daga Kampot kilomita ɗari ne da 'yan kai. Ka fita da sassafe, ka sauka, ka kira adaidaita-sahu ta manhajar PassApp ko Grab don kada a yanka maka kuɗin baƙo, ka wuce tashar jirgin ruwa kai tsaye. Jirgi mai gudu yana ɗaukar kimanin minti 45, tikitin zuwa da dawowa wajen dala 25. Ka tabbatar da sunan gaɓar da za ka sauka, domin tsibiran suna da matsaya da yawa kuma ba kowacce ke haɗe da 'yar'uwarta ta hanya ba. Koh Touch a Koh Rong wurin kiɗa ne da shaye-shaye har asuba, ba na jin za ka ji daɗinsa. Saracen a Samloem kyakkyawa ce amma ta masu kuɗi. M'Pai Bay, ƙauyen masunta a arewacin Samloem, shi ne daidai da lalitarka. In dare ya yi duhu ba wata, ka shiga ruwa ka motsa hannu, wasu ƙananan halittu za su yi ta walƙiya a jikinka.

A tsibiri ne guzuri ke zurarewa. Komai da jirgi ake kawo shi, har ruwan sha da ƙanƙara, don haka abin da ka saya dala ɗaya a Kampot a nan biyu ne. Kwana uku ya wadatar. Ka shiga da tsabar kuɗi, kada ka dogara da na'urar cire kuɗi a can. Akwai kuma wasu ƙananan ƙudaje na cikin yashi da ba ka ganinsu sai ƙaiƙayi ya tashi bayan kwana ɗaya. Man kwakwa a ƙafa yana rage su, kuma kada ka sosa, gyambo yake zama.

Maganar kuɗi: dala da riyel, kuɗin ƙasar, tare suke yawo, dala ɗaya tana kusan riyel 4,000. Ka zo da takardun dala sababbi ƙal, domin wadda ta ɗan yage ko aka yi rubutu a kanta za a miƙo maka abarka. Canji da riyel ake bayarwa, kuma ƙananan takardun dala sun ja baya tun 2020, saboda haka ka canza wani kaso zuwa riyel don kasuwa da abin hawa. Na'urar cire kuɗi tana cin dala 4 zuwa 6 a kowane cira, ka cira da yawa sau ɗaya. Layin waya na Smart ko Cellcard ko Metfone da 'yan daloli za ka samu data mai isarka.

Babur shi ne abin da ya fi jikkata baƙi a wannan yanki, ya fi sauro ya fi ɓarawo. Ka sa hular kwano, ka kiyayi salansa da ƙaurinka, kada ka yi tuƙin dare a hanyar Kep. Mai haya zai nemi ka bar fasfo jingina. Ka ba shi kwafi da 'yan kuɗi, in ya ƙi ka nemi wani. Ka ɗauki hoton babur ɗin ta kowane gefe a gabansa. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, ka shafa magani tun safe, kuma in zazzaɓi ya kama ka, farasitamol kawai za ka sha kafin ka ga likita, ban da asfirin da ibuprofen. Ruwan famfo ba na sha ba ne.

Disamba ka dace da lokaci. Damina tana ɗaukewa wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, teku ya kwanta, zafi bai tsananta ba sai Maris da Afrilu. Illarsa ita ce makon Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da masaukan tsibiri ke cika kuɗinsu ya haura. In hutunka ya ba da dama, ka fara da tsibiri a farkon wata ka ƙare da Kampot.

Ga lissafin a dunƙule. Biza 30. Motoci da jiragen ruwa gaba ɗaya, har da komawa Phnom Penh ta sabuwar babbar hanyar da aka buɗe a Oktoban 2022, wadda ta mai da tafiyar awa biyar ko shida ta koma ƙasa da uku, ka ware 80. Kwana goma sha uku a kan dala 8 zuwa 10, wajen 120. Abinci dala 8 a rana, wajen 110. Babur na kwana uku da mai da layin waya, 30. Ka ga an tashi 370, saura 30 ta ko-ta-kwana, wadda ta yi kaɗan. In za ka iya ƙara hamsin ka ɓoye ta daban da inshorar tafiya, ka yi. In kun tafi ku biyu kuna raba ɗaki da babur, lissafin zai sassauta sosai.

Ka baro tsibiri kwana ɗaya kafin ranar jirginka, ka kwana a Phnom Penh. Ko a rani iska takan tashi a soke jirgin ruwa na safe, kuma tikitin arha na komawa Kuala Lumpur ba a mayar da kuɗinsa. A daren nan sai ka nemi masauki kusa da masallacin Al-Serkal a unguwar Boeung Kak, akwai gidajen abincin halal na 'yan Cham da 'yan Malesiya a kewayensa.